Baka mai kura: ƙarfinsa a hannuwansa yake, nan kuma rauninsa yake

Tun da kwamitin Olamfik na duniya ya amince a watan Afrilun 2025 cewa baka mai kura zai shiga wasannin Los Anjelas na 2028, sai ƙara yaba shi ake yi. Hotunansa na yawo a wayoyi har ƙauyukan Magarya da Dungas, inda baka da kwari suke rataye a ɗakunan maharba tun kaka da kakanni. Kowa kurar yake kallo, alhali ba ita ke riƙe da rayuwar bakan ba. Wanda ya saye shi bai san hannuwansa ba, asara ya sayo.

Wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, shi ya sami rajistar wannan ƙira a 1969. Ya gajarta hannuwan baka, ya sa musu kura a ƙarshe irin ta rijiya, don idan maharbi ya ja har kunne nauyin ya ragu ƙwarai, ya samu damar saiti a natse. Amma gajeren hannu mai tauri kullum a ɗaure yake, ko ana harbi ko ba a yi. Bakan dargaza ko na gora kuwa mai shi na iya sassauta tsirkiya ya shafa masa mai ya huta.

Daga nan ƙira ke raba gardama. Hannu guda mai faɗi ba ya murɗewa da sauƙi, sai dai dole a tsaga bakinsa don kura ta zauna, kuma daidai gindin tsagar nan ne fashewa ta fi farawa. Hannu mai rabi biyu ya kauce wa wannan, amma da zarar rabi ɗaya ya fi ɗaya gajiya, kura ta karkace, kibiya ta bar hanya. Masu ƙera na zamani sun kwantar da hannuwan, ta yadda in an saki ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, girgizar ta kashe juna, bakan ya tsaya cak a tafin hannu. Natsuwa ta ƙaru, amma ɗaurin da ke kan hannuwan ma ya ƙaru.

To, a kawo wannan cikin bazarar Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40. Hannuwan na zaren gilashi ne da ƙaro; zafi mai tsanani na raunana ƙaron, ƙurar hunturu na cin sandar da kura ke juyawa a kai. Yaro ya ja ya saki babu kibiya sau ɗaya, hannu na iya tsagewa. Canjin tsirkiya kansa sai da na'urar matse baka, kuma kibiyar kyauro ba ta jure bugunsa, tana iya karyewa ta soki mai harbi.

Masu yabonsa suna da hujja: ya fi nisa, ya fi saiti, kuma matashin da ke son gasar duniya sai ya koye shi. Wannan maganar filin wasa ce mai inuwa da magyara.

Ga maharbin Magarya da Dungas, bakan da zai iya gyarawa da wuƙarsa a daji shi ne mai ƙarko. Hukumomin wasanni su fara horar da magyara kafin su sayo kaya, dattawa kuma su koya wa yara sassaƙar baka tun suna da rai.