Me Baƙi Ke Nema a Fadamar Haɗeja?

Wanda ya tashi daga Birniwa da sanyin safiya a watan Janairu ya nufi kudu, ba zai yi nisa ba sai jigawa ta ƙare, ƙasa ta sauka, iska ta soma ɗauko ƙanshin laka. Nan fadamar ta fara. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke malala a cikinta kowace damina, su cika tafkuna da ƙoramu tun daga Haɗeja da Kirikasamma da Guri har Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Mu da muka saba da wurin, shinkafa muke gani, da tarwaɗa, da makiyayar shanu. Amma akwai waɗanda sukan biya kuɗin jirgin sama tun daga Turai domin su zo su tsaya a bakin wannan ruwa, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Mutanenmu sun daɗe suna tambayar ko me suke nema.

Tsuntsaye suke nema, 'yan'uwa. An ƙidaya sama da iri 370 a wannan fadama. Waɗansu namu ne da muka sani tun muna yara, kamar ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Waɗansu kuwa baƙi ne. Idan sanyi ya kama Turai da arewacin Asiya, ruwa ya daskare, abinci ya ɓace, sai agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara. Fadamar Haɗeja tana cikin manyan ruwayen farko da suke tararwa bayan sun fito daga hamada. Sukan iso wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Maris da Afrilu. Saboda haka Baturen da ya zo nan ba baƙon tsuntsu kaɗai yake kallo ba. Tsuntsun ƙasarsa ya biyo, yana so ya ga inda yake cin rani. Masanan can sukan sa wa tsuntsu ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa su sake shi, in an kama shi a wata ƙasa sai a gane hanyar da ya bi. Mu ma ai mun san shamuwa da lokacin zuwanta, sai dai ba mu taɓa bin ta mu ga inda take zuwa ba.

Wannan sha'awa ce ta kawo Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, tafkin Dagona kusa da Gashuwa a 1989, lokacin yana shugabantar ƙungiyar WWF mai kare namun daji ta duniya. Tun a 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, tare da taimakon ƙungiyoyin waje. A 1991 Dagona ta shiga cikin Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, a shekara ta 2000, dajin Baturiya da ke Kirikasamma kuma ya bi baya a 2008. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wurare 10 su zama gandayen daji na ƙasa, fadamar Haɗeja tana cikinsu.

Ɗan ƙasa kuwa da wuya tsuntsu ya fitar da shi daga gida. In ɗan Nijeriya ya ce zai je gandun daji, Yankari yake nufi, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Can akwai giwa da ɓauna da gwaggon biri, ga ruwan ɗumi na Wikki inda yara za su yi iyo, ga masauki. Mukan tafi a ƙungiya, lokacin hutun Kirsimeti ko na Ista, ko makaranta ta kwashi ɗalibai, ko matasan ikilisiya su yi karo-karo su ɗauki mota. Hutawa muke so, da zumunci, da hoto. Ba laifi ba ne. Baƙo yakan zo shi kaɗai ko su uku, ya kwana biyar yana rubuta sunayen abin da ya gani. Mu mukan zo mu arba'in da tukunyar shinkafa da rediyo, kafin mu sauka daga mota tsuntsun da ke kusa ya tashi.

Amma ko baƙo ko ɗan gida, babu mai zuwa in ruwa bai zo ba, ga shi kuwa ruwan ba kamar da yake ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano, a saman kogin da ke ciyar da fadamar. Kafin su, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina, ya malala, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da aka tare shi ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai waɗansu wurare suka daina samun ambaliyar da suka dogara da ita, waɗansu kuma ruwa ya kwanta bai janyewa. A irin wannan ruwa mai kwanciya ciyawar kacala ke yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana kwalekwale wucewa, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Manomin da jan-baki ya yi wa ɓarna, in ka ce masa Turawa suna zuwa kallon tsuntsaye, kada ka yi mamakin irin kallon da zai yi maka. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, ta noma da su da kiwo da itace, fiye da wanda aka tare domin manyan gonakin rani na sama. Rashin tsaro da ya addabi arewa maso gabas daga 2009 shi ma ya rage baƙin da ke zuwa Dagona ƙwarai.

Sai maganar da ta fi damun mu. Gandun ƙasa yana zuwa da doka, a hana farauta, a hana saran itace, a taƙaita su da kiwo. Masunci da Bafulatani da mai saƙar kaba, waɗanda kakanninsu suka ci abinci a wannan daji, su ne za su fara jin nauyin dokar. In kuɗin ƙofa ya wuce Abuja, ɗan jagora kuma aka ɗauko shi daga birni, me mutumin Baturiya zai samu? A ganinmu yaron da ya girma yana ɗana wa kirinjijiya tarko ya fi kowa sanin inda take kwana, shi ya kamata a fara ɗauka aikin jagora da tsaro.

Ga ikilisiyoyin Haɗeja da Malam Madori da Nguru da ke shirin fita da yara, Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da tsuntsaye suka fi yawa. A nemi izinin ma'aikatan daji tukuna, a gai da mai unguwa, a isa bakin ruwa kafin rana ta ɗaga. Rediyon kuma a bar shi a mota.