Zarton Lantarki A Gida: Yi Masa Akwati Kafin Ya Yanki Yaro

A Gwagwalada, daga Kutunku zuwa Dagiri, kafintoci da masu aikin rufi da yawa ba su da shagon da za su kulle kayan aikinsu. Da yamma sai zarton lantarki ya biyo maigida gida, a cusa shi ƙarƙashin gado ko a rataye shi a buhu bayan ƙofa. To, mai karatu, wurin nan ne fa yara ke rarrafe da wasan ɓuya.

Faifan irin wannan zarto yana juyawa kusan sau 5,000 a minti guda. Wanda ke aiki da batir kuwa bai damu da an ɗauke wuta ba, yaro na iya tayar da shi. Ko a kashe yake, haƙoransa suna yanka. Maganin abin shi ne akwati mai kwaɗo, da soso a ciki wanda aka yanka daidai jikin zarton.

Ga yadda za ka yi. Nemi akwatin katako ko na roba wanda ya ɗan fi zarton girma. Sayi soso mai tauri wajen masu ɗinkin kujeru. Irin wanda ake yin silifas da shi ya fi na katifa, domin ba ya shan ruwa. Shimfiɗa falle ɗaya mai kaurin santimita 2 a ƙasan akwatin. Cire zarton daga wuta, cire batirinsa, ka kwantar da shi a kan falle na biyu mai kauri, ka zagaye shi da alli. Yanka da reza ko wuƙa mai kaifi, kaɗan daga cikin layin, don gurbin ya matse shi. Manne fallayen da gam, ka bar su su bushe a waje, saboda warin gam yana tayar da asma. Saka wani falle a murfi. In ka rufe ka girgiza ba ka ji motsi ba, aiki ya yi.

Batir ya samu nasa gurbin daban, inda ƙusa ko makulli ba za su taɓa bakinsa ba, kuma kada a bar akwatin a rana, ka dai san zafin Gwagwalada a watan Maris. Don hana tsatsa da damina, jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin robar magani. Uwargida, ki tabbata makullin ba ya inda yara za su kai hannu.

In tsautsayi ya faru, danne raunin da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. Kada a ba da asfirin, yana ƙara zubar jini; farasitamol ya wadatar. In yatsa ya guntule, naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, sa shi a leda, ɗaure, sannan ka ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman kai tsaye. A garzaya sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke nan garin.

A can, a tambayi batun allurar tetanus. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da ƙura, kuma rauni mai zurfi take so. In raunin ya yi datti, kuma an wuce shekara 5 da allurar ƙarshe, ana buƙatar ƙari.

Kuɗin soso da kwaɗo bai kai na ɗinki ɗaya a asibiti ba. Allah Ya tsare mana zuri'a.