Bugambiliya: yadda ake gane ta da yadda ake dasa ta

Wanda ya shiga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram da rani, yakan ga wani icce mai yaɗo bisa katangun gidaje, ya yi ja wur. Sunansa bugambiliya. Asalinta ƙasar Barazil ce, can Amurka ta Kudu. Akwai ja, akwai fara, akwai ruwan goro.

Gane ta ba wuya. Reshenta yana da ƙaya mai tsini a gindin ganye. In ta daɗe, gindinta sai ya zama icce mai tauri. Abin da mutane suke cewa fure, ba fure ba ne. Ganyaye ne guda 3 masu launi, marasa kauri kamar takarda. Furen gaske yana tsakiyarsu, ƙarami ne, fari.

Reshe ake dasawa. A farkon damana, a yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin alƙalami, tsawon santimita 20. A cire ganyen ƙasa. A cika leda da rairayi da ruɓaɓɓen taki, a huda gindinta, a soka rabin reshen ciki. A aje cikin inuwa, ana yayyafa ruwa kullum. Cikin wata 1 ko 2 sai ya yi saiwa. Ba duka suke kamawa ba, shi ya sa ake yanka da dama.

Ranar dashe ita ce ranar hankali, domin saiwar ba ta da ƙwari. A tsaga ledar da reza, kada ƙasar ta warwatse. A zaɓi wuri mai rana, inda ruwa ba ya kwanciya. A kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Mai tsoron wahalar rijiya ya kwantar da hankalinsa. In ta kama, ruwan alwala ma ya ishe ta. Wanda ya cika mata ruwa, ganye zai samu, ba launi.

Ba ta kama abu da kanta kamar duma, sai an ɗaure ta da igiya. Dannin kara ba ya ɗaukar nauyinta. Sai katanga, ko rumfa mai dirkoki masu ƙarfi. Kada a dasa ta inda yara suke wasa. In an sassabe ta, a tattara rassan a ƙone, don ƙayarta tana huda ƙafa.