Zootopia 2 zai ci Oscar? Abin da ya sa katun kashi na biyu ke kwashe kuɗi amma lambar yabo ta kuɓuce masa

Jiya da daddare a wani shagon tura fina-finai a waya nan Anguwan Rogo aka yi ta musu har mai shagon ya kashe janareta. Wani abokina da ya dawo daga Agege ya ce ya kai ƙannensa sinima a Legas sun kalli Zootopia 2, kuma wallahi idan ba a ba fim ɗin nan Oscar ba to an yi zalunci. Hujjarsa ɗaya ce: fim ɗin ya fito ƙarshen watan Nuwamba na 2025, kuma bai cika wata guda ba ya tara sama da dala biliyan 1. Na ce masa kuɗi daban, lambar yabo daban. Bai yarda ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don na san da yawanku a Sabo ta Ibadan, Mile 12, Fatakwal da Onica kun kai yara kallo ko kun tura musu a waya.

Mu fara da ita kanta lambar. Oscar ta daɗe, tun 1929 ake bayarwa a Amurka, amma rukunin dogon fim na katun sabo ne. A 2002 aka fara, kuma Shrek ne ya ɗauka. Kafin fim ya shiga takara sai ya wuce minti 40, sai zane mai motsi ya kai kashi 75 cikin 100 na tsawonsa, sannan a nuna shi kwana bakwai a jere a sinima a ɗaya daga cikin manyan biranen Amurka da aka ware. Daga nan a tace a fitar da biyar. A zagaye na ƙarshe dukkan 'yan ƙungiyar da ke ba da lambar, mutum kusan 10,000, suna da ƙuri'a. Su wa ke nan? 'Yan wasa, daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto. Manya ne masu sana'ar fim, ba yaran da suka cika sinima ba.

To daga 2002 zuwa 2025, kashi na biyu ko na uku nawa ne suka ci? Biyu kacal, kuma duk gida ɗaya suka fito: Toy Story 3 a 2011 da Toy Story 4 a 2020. Sauran duk sun sha ƙasa, wasu ma ba ƙananan fina-finai ba ne. Shrek 2 ya fi kowane fim kuɗi a 2004, The Incredibles ya doke shi. Kung Fu Panda 2 ya faɗi a hannun Rango. How to Train Your Dragon 2 har ya ci Golden Globe kowa na cewa an gama, sai Big Hero 6 ya ɗauke Oscar ɗin a 2015. Shi kansa Incredibles da ya dawo da kashi na biyu a 2018, abin da ya yi wa Shrek 2 aka yi masa: sabon fim na Spider-Man mai wani irin zane da ba a saba gani ba ya tafi da lambar. Da shi ma wannan Spider-Man ɗin ya fitar da ci-gabansa, The Boy and the Heron na dattijon Japan Hayao Miyazaki ya kayar da shi a 2024. Finding Dory, Frozen II da Moana 2 kuwa, kowanne ya haura dala biliyan 1, amma ko cikin biyar ɗin ba su shiga ba.

Ni ɗan mai sayar da shanu ne, don haka abin bai ba ni mamaki ba. Tun ina firamare nake bin babana kara a Bukuru. Idan za a yi lodin tirela zuwa Oko-Oba ko Lokpanta, ba ya neman saniyar da ba a taɓa ganin irinta ba. Irin wadda mahautan can suka saba saye yake nema, wadda ya san farashinta tun kafin mota ta tashi. Haka kamfanonin Disney, Pixar da DreamWorks suke. Fim ɗaya yana cin dala miliyan 150 zuwa 200, wa zai zuba wannan kuɗi a abin da bai tabbata ba? Kashi na biyu yana zuwa da masu sayensa, yara sun san sunayen jaruman, iyaye sun san babu abin kunya a ciki. Amma a bikin nunin amfanin gona, alƙali ba ya tambayar nawa aka taya. Abin da ya bambanta dabbar da sauran yake dubawa. Abin da ke sa kashi na biyu ya sayu, wato sabo, shi ne kuma ke rage masa daraja a idon mai jefa ƙuri'a. Wani lokacin ma sai ya ce ai mun riga mun ba na farkon, me ya rage?

Kada a haɗa wannan da irin namu na Kannywood fa. Zamanin kaset da faifai, fim ɗaya ake yankawa biyu, a tsaya daidai inda rai ya tashi a rubuta mu haɗu a kashi na biyu, don a sayar da kaset biyu. Nasu ba haka ba ne, sabon labari ake ginawa, kuma shekaru ake ɗauka. Tsakanin Zootopia na farko da na biyu shekara tara ce.

To me ya sa Toy Story ya tsallake? Dalili na farko, na ɗaya ya fito a 1995, na biyu a 1999, lokacin babu rukunin katun kwata-kwata. Da na uku ya zo, akwai masu ganin kamar bashi aka biya. Amma a gaskiya fim ɗin ya cancanta. Yaron da ke da kayan wasan, Andy, ya girma zai tafi jami'a, dole ya rabu da su, a ƙarshe ya miƙa su ga wata ƙaramar yarinya. Waɗanda suka kalli na farko suna yara, a 2010 su ma sun kai lokacin barin gida. Duk wanda ya taɓa ɗaura jaka a tashar Bauchi Road ya nufi Kudu, uwarsa na tsaye tana kallonsa, ya san abin da ake nufi. Har cikin jerin fim mafi kyau na shekara gaba ɗaya aka saka shi. Na huɗun kam ni a ganina sa'a ta taimaka, don a shekarar kan masu ba da lambobi ya rabu: Missing Link ya ci Golden Globe, Klaus ya ci BAFTA ta Ingila, sunan Pixar da kowa ya sani ya yi rinjaye a Oscar.

Abin da ya faru a watan Maris na 2025 shi ya fi tsaya min a rai. Inside Out 2 ya tara kusan dala biliyan 1.7, a 2024 babu katun da ya taɓa kai haka. Wa ya kayar da shi? Flow, fim daga Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, ba su kai na jihar Filato ba. Labarin wata kyanwa ce da ambaliya ta cinye garinsu, ta shiga kwalekwale da kare da wasu dabbobi. Babu magana ko kalma ɗaya a fim ɗin. Daraktan, Gints Zilbalodis, da manhajar Blender ya yi aikin, wadda kowa zai iya saukewa kyauta, kuma duk kuɗin da aka kashe bai kai yuro miliyan 4 ba. Wannan ita ce Oscar ta farko a tarihin ƙasar.

Ina faɗar haka ne saboda nan Jos muke da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim, kuma ga samari da kwamfuta a ko'ina. Najeriya ta tura fina-finan Hausa Oscar a rukunin ƙasashen waje, The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, duk ba su kai zagayen tacewa ba. A ɓangaren katun kuma akwai Lady Buckit and the Motley Mopsters na 2020, da Iwájú da Disney ta yi da kamfanin Kugali a kan Legas a 2024, shi ma shiri ne mai kashi shida ba dogon fim ba. Mu kuwa ga Gizo da Ƙoƙi zaune, 'ya'yanmu a Kudu kuma suna tashi da katun na Turanci, na Arewa da na Larabci a MBC3. Ɗan yayata a Ibadan ya haddace sunayen dabbobin Zootopia kaf, amma na ce masa gatanan gatananku ya tsaya yana kallona.

Mu koma kan musun shago. Zootopia na farko ya ci Oscar a 2017, kuma ya ci ne don ya zo da abin da ba a zata ba: labarin zomanya 'yar sanda da dila a birnin da ake zargin wasu dabbobi saboda asalinsu kawai. Mu mutanen Jos da ku mazauna Kudu ba sai an fassara mana wannan ba. Na biyun ya ɗora a kan wannan zance, wannan karon da macizai da aka kora daga birnin. Yana da kyau, amma hanyar da aka taɓa bi ce. Ga kuma KPop Demon Hunters na Netflix, sabon labari, wanda ya zama fim ɗin da aka fi kallo a tarihin kamfanin, waƙoƙinsa na bakin yara ko'ina. An kuma kawo sabuwar doka cewa mai ƙuri'a sai ya kalli dukkan fina-finan rukuni kafin ya zaɓa a zagayen ƙarshe, abin da zai rage zaɓen suna kawai.

Ranar 22 ga Janairu 2026 aka sa don sanar da biyar ɗin, bikin kuma ranar 15 ga Maris. Hasashena Zootopia 2 zai shiga biyar, amma ba zai ɗauka ba. Na faɗa wa abokina idan na yi kuskure ni zan sai masa tsire a Masallacin Juma'a, ya ce na dubu biyar ko a fasa.