Karan ɗori: sandar da ke haɗa kalmomi

Gaisuwa ta musamman ga ƴan ajin Olelewa da sauran na ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji. Ku ɗauko alli da allo.

Yau za mu yi magana a kan wata ƴar sanda da ake kwantarwa tsakanin kalma da kalma, kamar haka (-). Sunanta karan ɗori. Kun san in ƙafar akuya ta karye, maɗori yakan tsaga kara ya ɗaure, ƙashi biyu su koma ɗaya. To, aikin ke nan da wannan alama take yi a rubutu.

Duba "ci" da "rani". Kowace da ma'anarta. Amma in ka rubuta "Ɗana ya tafi ci-rani Kano", sun zama suna guda, watau tafiya neman kuɗi bayan an gama aikin gona. Haka ɓata-gari, da faɗi-tashi, da ka-ce-na-ce.

Sai kuma kalmar da aka maimaita: maza-maza, wanke-wanke, kaɗan-kaɗan. A nan ne nake so ku buɗe kunne, musamman ku da ke riƙe da littafin ƙungiyar manoma. A ce ka rubuta: "An ba gida 10 hatsi tiya biyar-biyar." Kowane gida ya samu 5, duka tiya 50 ke nan sun fita daga rumbu. In ka bar karan ɗori, mai duba littafin yana iya zaton hannunka ne ya zarce, ya soke "biyar" ɗaya. Sai a karanta tiya 5 kaɗai aka fitar. Sauran 45 fa, wa za a tambaya? Kai!

Kada kuma ku riƙa zuba shi ko'ina. Inda akwai "n" ko "r" na haɗi, kamar Bakin Birji ko rigar ruwa, an riga an ɗaure su. Shi kansa karan ɗori, ga "n" ɗinsa nan.

In layi ya ƙare kalma ba ta ƙare ba, a yanke ta a kan gaɓa: "ma-" a sama, "karanta" a ƙasa.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya rubuto kalma biyar masu karan ɗori, ya nuna wa malamin ajinsu.