Nahawu da Rubuta Umarni ga Kwamfuta: Daga Ina Mai Koyo Zai Fara?

Sau da yawa malaman kwalejojin horon malamai sukan tambaye ni ko lalle sai mutum ya ƙware a lissafi kafin ya koyi rubuta umarni ga kwamfuta. Amsar da nakan ba su ita ce, wanda ya san nahawu ya riga ya sami guzurinsa, gama harsunan kwamfuta suna da kalmomi da jimloli da ƙa'idodin jera su. Dangantakar kuwa tsohuwa ce. A shekarar 1956 Noam Chomsky ya kasa nahawu iri-iri bisa ga ƙa'idodinsu. A 1959 John Backus, wanda ya shugabanci ƙago harshen FORTRAN a kamfanin IBM, ya fito da hanyar rubuta nahawun harshen kwamfuta, sa'an nan masana suka lura cewa ta yi daidai da ɗaya daga cikin ire-iren da Chomsky ya kasa.

Harshen da zan shawarci mai koyo ya fara da shi shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kyauta ne, jimlolinsa gajeru ne, kuma tun daga fitowarsa ta uku, a 2008, yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wani dogon shiri ba. Abu uku ne ginshiƙinsa: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, sharaɗi, watau "in kaza ne, to a yi kaza", da kuma maimaici.

Amma fa karanta littafi kaɗai ba ya koyar da wannan aiki. Mai koyo ya nemi ƙaramin aiki daga cikin abin da ya sani. Ga wanda nakan ba ɗalibaina: su umarci na'ura ta liƙa wa suna madanganci. Sukan rubuta nan da nan cewa in suna ya ƙare da wasalin a, a liƙa masa -r, in ba haka ba a liƙa -n. Na'ura ta ba su rigar, da motar, da dokin, su yi ta murna. Daga nan sai in ce su gwada gida. Sai ta ce gidar, ta ce ruwar, ta ce namar. Ba ta yi kuskure ba. Abin da aka gaya mata shi ta yi. Ɗan shekara biyar ya san gida namiji ne, ita kuwa ba ta san kome ba sai abin da aka rubuta mata. Tilas ɗalibi ya koma ya tsara jerin sunayen da suka saɓa wa ƙa'ida, ya sa a duba jerin kafin a bi ƙa'idar. A nan ya koyi sharaɗi da gyaran kuskure, ya kuma gane cewa ƙa'idar da muka saba faɗi a aji ba ta cika ba.

Aiki na biyu shi ne jera kalmomi bisa tsarin abacada, kamar na ƙamus. Kwamfuta da lamba take gane kowane harafi: a lambarsa 97, z kuma 122, amma ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599. Saboda haka in aka bar ta da nata tsari, ɓera zai zo bayan zomo, ƙasa ma ta riga ɓera. Haka kuma tana ɗaukar sh da ts haruffa bibbiyu. Sai mai koyo ya rubuta mata abacadan Hausa da kansa, ya kuma yanke shawara a kan 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar, ko zai ba su gurbi ɗaya, tun da sauti ɗaya suke wakilta.