Ƙarin fankiriyas na gado: haɗarin tiyatarsa da abin da ke jiran mara lafiya daga Karaye da Rogo

A ƙauyukan Karaye da Rogo, idan mutum ya riƙa gigicewa da asuba, gumi na keto masa, har ya kai ga suma, sannan ya dawo hayyacinsa da zarar ya sha koko mai sukari, akan ce farfaɗiya ce ko shafar aljanu. Wani lokaci kuwa ƙari ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a cikin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi wadda ke samar da insulin. Ƙarin yana fitar da insulin fiye da kima, sai sukarin jini ya faɗi.

Irin wannan ƙari ba kasafai ake samunsa ba, kuma ya fi sankarar fankiriyas ta gama-gari jinkirin girma. Wani ƙari na fankiriyas daga dangin wannan ne ya yi ajalin Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, a 2011, shekara takwas bayan an gano shi.

Yadda ake gadonsa

Wani kaso na waɗannan ƙari gado ne. Mafi shahara shi ne ciwon MEN1, wanda likita Paul Wermer na Amurka ya bayyana a 1954, aka kuma gano ƙwayar halittar da ke haddasa shi a 1997. Ya sha bamban da sikila, wadda sai an gaje ta daga uwa da uba. A nan mahaifi ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Saboda haka gwajin jini kafin aure da Jihar Kano ta wajabta a 2024 ba zai nuna shi ba.

Alamar da ta fi fallasa shi tana cikin tarihin dangi: tsakuwar ƙoda mai yawan dawowa, gyambon ciki da ya ƙi jin magani, da faɗuwar sukari, a jikin 'yan gida ɗaya.

Tiyata da farashinta

Ƙarin da ke fitar da insulin ana cire shi, kuma yawanci mara lafiya yakan samu sauƙi. Wanda ba ya fitar da komai kuma bai kai santimita 2 ba, likitoci sukan sa masa ido ta hanyar hoto lokaci-lokaci. Idan ya wuce haka, yiwuwar ya bazu zuwa hanta takan ƙaru, sai a karkata ga tiyata.

Babban haɗarin aikin shi ne yoyon ruwan fankiriyas daga inda aka yanka. Ruwa ne mai narkar da abinci, don haka yana iya cin naman da ke kewaye, ya jawo ruɓa ko zubar jini a ciki. Idan aka yanke wutsiyar gaɓar, sau da yawa saifa takan tafi tare da ita, kuma wanda ba shi da saifa zazzaɓin cizon sauro yakan yi masa tsanani. Idan aka cire gaɓar gaba ɗaya, mutum zai rayu kan allurar insulin da maganin narkar da abinci har abada. Insulin kuwa yana buƙatar sanyi, a yankin da wutar lantarki ba ta tsayawa.

Mai MEN1 yana da ƙarin matsala: lahanin yana cikin kowace ƙwayar jikinsa, don haka sabon ƙari na iya fitowa a ragowar gaɓar bayan shekaru. Likita na auna abu biyu ne a lokaci guda: kada ya bar abin da zai bazu, kada kuma ya cire abin da zai mayar da matashi mai ciwon sukari.

Wa zai biya?

Aiki irin wannan sai manyan asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da ke birnin Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza kaɗai. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma manomin Rogo har yanzu daga aljihunsa yake biya, sau da yawa bayan sayar da hatsi ko dabba.

Abin da ya kamata matasa su tambayi wakilansu shi ne: inshorar KSCHMA ta jiha ta ƙunshi hoton ciki da bibiyar shekaru? Cibiyoyin lafiya na mazaɓu suna da na'urar gwajin sukari mai aiki? Gwaji ɗaya a daidai lokacin da mutum ya suma yana iya sa a gane ciwon, a kuma binciki sauran 'yan gidan tun da wuri.